Ranar da Aka Ƙona Sirdin Kakana

Ɗanyar fata in aka jiƙa ta tana da wani ƙarni da ba ya barin hanci. Jiya na bi ta bayan mahauta a Isa, ƙarnin ya buge ni, sai ga ni a zauren kakana can wajen Tsamaye. Ban sani ba ko ka taɓa ganin yadda ake yin sirdi. Ni a cikinsa na tashi.

Ubana ya rasu ina goye, kakana ya ɗauke ni. Da rani yake sassaƙa itacen sirdi, in ya bushe ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar fata, ya ɗinke, ya ajiye a inuwa. Fatar tana bushewa tana matse itacen, har ka ji yana ƙara shi kaɗai. Aikina tsefe audugar rimi, wadda ake cusa wa huhu, matashin nan da ke kwanciya a bayan doki. In na yi gyangyaɗi sai ya ce, "Tashi, ɓarawon fura. Kai da kaza ban san wa ya fi wani amfani ba."

Dokarsa ɗaya ce, ba ya yin sirdi sai ya ga dokin. Yakan shafa farar ƙasa a cikin itacen, ya ɗora a tsurar bayan doki, ya ɗaga. Inda farin ya kama gashi da yawa, nan ke dannawa, sai ya rage da gizago. Kowane doki da nasa.

Wata shekara gab da damina wani dillalin dawaki ya kawo siririn doki, aka gwada, ni na riƙe igiyar. Da ya karɓi sirdin sai ya ɗora wa wani ingarma mai faɗin baya, ya sayar wa wani attajiri duka biyun. Sirdin ya ci bayan ingarman. Ruwa ya sauka, ƙuda ya samu miki, tsutsa ta shiga. Kafin a yanke gero dokin ya mutu.

Ranar kasuwar Sabon Birni aka tsayar da kakana cikin mutane. Dillalin ya rantse cewa ingarman nan ne kakana ya gwada da hannunsa. Na ce ƙarya ne, siriri ne ya kawo. Ya kwaɗa mini mari, ya ce a raba shi da ɗan banza. Yaran attajirin suka tara kara, suka ɗora sirdin, suka kunna. Fata tana murɗewa cikin wuta, kakana yana tsaye yana kallo. Ba wanda ya sake kawo masa doki. Ya daina zama a zaure, ya daina tsokanata. Bai ga wata daminar ba.

Na ɗauki gizagonsa. Na yi shekaru ina yawo da shi har cikin Nijar, inda ba a san zancen ba, na dawo da gemu. Na zauna Sabon Birni ina jira.

Dillalin ya zo da ƙafarsa, bai gane ni ba. Ya jawo wani kyakkyawan doki mai ɗanyen miki a baya kamar tafin hannu, ya ce in yi masa huhu mai kauri, in rarake daidai wurin, yadda za a hau a zagaya kasuwa dokin bai nuna ba. Wani babban mutum zai zo saye. Na ce to. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba.

Ranar kasuwa na bari sai da mai saye ya hau ya sauka, mutane suka taru, aka kai ga sallamawa. Na ratsa na kama majayi, ɗamarar da ke riƙe sirdi, na kwance. Dillalin ya ce, "Kai baduku, mi kaka yi?" Na ɗaga sirdin sama. Ƙuda ya riga kowa gani.

Na ce, "Shi ya sa ni in ɓoye wanga. Ni ne yaron da ka mara nan wurin. Faɗa musu wane doki kakana ya gwada."

Ya shiga kame-kame. Amma akwai tsofaffi a wurin, sun tuna. Daga ranar ko jaki ba a sake ba shi dillanci ba.

Yau dawaki sun ƙare a ƙasarmu. Wanda bai sayar da nasa ba ɓarayin daji sun kore masa shi. Garinmu ya tashi, mun dawo Isa, kujerar babur nake ɗinkawa, ita kuwa ba ruwanta da gwaji. Dillalin ma yana nan, ya makance. Bara ya aiko ɗansa, wai yana roƙon in yafe masa kafin ya mutu. Na ce wa yaron ba ni aka ƙona wa sirdi ba. Mai shi yana kwance a bayan garinmu, ya je can ya roƙe shi. Yaron ya ce, "Baba, ai hanyar ba ta biyuwa yanzu."

Na ce na sani.