Ranar Sa wa Tanki Iska

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Kalakla, injin rijiyar gidanmu ya ɗauki wani hali: ka buɗe famfo kaɗan ya tashi, ya mutu, ya sake tashi. Marigayi mahaifina ne ya kafa shi. In ya ƙone, sai dai mu koma jiran mai karo, mai tallan ruwa a keken jaki, a tsakiyar zafi.

Abokina mai tuƙa raksha, keke mai ƙafa uku, ya zo da famfon taya da ma'auni. Ya ce iskar da ke cikin tankin da ke haɗe da injin ce ta ragu, amma ba a auna ta sai an kashe inji an juye ruwan kaf, sannan a sa ta ƙasa kaɗan da inda injin ke tashi.

Mahaifiyata na jin "juye" ta miƙe.

"A juye ina? A ƙasa? Haram, ya waladi! Ba a gidana ba."

"Inna, injin zai ƙone fa."

"Ya ƙone."

Ni da gajen haƙuri na shiga yi mata lacca, kamar ni na ƙera tankin. Ko kallona ba ta yi ba. Ta yafa tobinta ta fice, muka yi cirko-cirko. Can sai ga ta da matan layinmu, masu sayen ruwan karo, kowacce da jarka. Aka cika su, aka cika randunan sabil na ƙofar gida da masu wucewa ke sha, ragowar aka ba bishiyar lemun tsami. Sannan ta ce, "Khalas, ku sa iskarku." Muka sa, injin ya daidaita.

Ba a jima ba ta ce mini, "Injin nan ya fara kuma." Na kasa kunne, lafiyarsa ƙalau. Na buɗe baki zan yi musu, sai na hango jarkoki jere a bakin ƙofa. Na je na kashe injin.

Haka muka riƙa yi har ta rasu. Na sha jin haushi, ba zan ɓoye ba, amma yau kewar abin nake yi. A zaman makoki wata tsohuwar maƙwabciya ta ce mini, "Allah ya jiƙan Hajja. Tankinku dai bai taɓa riƙe iska ba, miskin."

Na ce mata e, haka yake har yanzu, ta turo jarkarta ranar Juma'a.