Hannu Biyu a Kan Sitiyari

Lokacin da na fara tuƙi, Nasara bai daɗe da cin ƙasa ba, kuma babbar mota guda ce ke zirga-zirga tsakanin Aliero, Jega da Maiyama. Ta wani kamfanin sayen gyaɗa da fata ce, ni ne direbanta. Mutane kan bar gonakinsu su fito bakin hanya don kawai su ga wucewarta, kuma ba na ɓoyewa, abin yana yi mini daɗi.

Samari sun yi ta zuwa in koya musu. Yawancinsu korarsu na yi, don ni ba mai haƙuri ba ne. A kan doki da jaki suka tashi. Da mota ta kwasa sai ka ga saurayi yana jan sitiyari zuwa ƙirjinsa kamar linzami, birki kuwa yana hutawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan da sauƙin gyara. Abin da ya fi ba ni wahala gaisuwa ce. An yi musu tarbiyya, in suka hango babba sai sun sunkuyar da kai sun gaishe shi da hannu biyu. A cikin mota ma haka: a saki sitiyari, a duƙa, mota ta nufi gonar albasar mutane.

Sai na kafa doka. Mota na tafiya, babu gaisuwa, ko da hakimi ne. In ka tsaya, ka ja birki, ka tokare taya da dutse, to sauka ka gaida wanda za ka gaida.

Wanda ya jure masifata ɗan yayata ne, saurayi mai sanyin hali. Ubansa mahauci ne a Maiyama, dattijo mai son a ba shi girmansa. Ba a jima ba ya zo har gidana a fusace.

“Sana'a nic ce ka koya ma ɗiyana, ba rashin kunya ba. Jiya ya wuce ni awa kututture, gaban mutane. In yaƙ ƙara, ya bar motag ga ya dawo hwawa.”

Na ce, “Yaya, rayukkan mutane na a hannunai. Mi kaka so, ya gaishe ka ko ya kai su gida?”

Ya kaɗa riga ya fita. Ɗan ya dube ni ya ce, “Kawu, mi za ni yi?” Na ce masa abin da na koya masa zai yi. Na faɗa da ƙarfi, ko da yake na san yana son tuƙin nan kamar ransa, kuma ba zai taɓa ƙetare maganar ubansa ba.

Ran kasuwar Jega muka yi lodin albasa a Aliero, mata masu kayan suka hau kan buhuna. Shi ke tuƙi, ina gefensa. Muna gangarowa wajen kara, inda ake cinikin shanu, sai ga uban a bakin hanya cikin 'yan uwansa mahauta, riƙe da igiyar wani bajimi da ya saya. Ya gyara tsayuwa yana jiran gaisuwa. Ɗan ya hango shi, ya ƙara damƙe sitiyari. Bai saki ba, bai duƙa ba.

A daidai nan ƙugin motar ya firgita bajimin. Ya zabura ya fizgi dattijon, ya kayar da shi a tsakiyar hanya. Da kan ɗan yana sunkuye, da ba zai gani ba. Ya taka birki, ya karkata motar kaɗan yadda ba za ta zubar da matan ba, ta tsaya tayar gaba tana shafar gefen rigar ubansa.

Ni da nake malaminsa na kasa motsi. Shi kuwa ya ja birkin hannu, ya sauka, ya nemi dutse ya tokare taya. Sannan ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban ubansa.

“Baba, ina wuni.”

Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, ko ranar da aka fara danƙa mini motar. Dattijon ya tashi zaune, rawaninsa a warware, ya daɗe yana kallon tayar. Ya ce, “Koma ka kama abinka, matan ga na bisa.”

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ɗan ya ci gaba da tuƙi, har ya koya wa wasu samari da dokar nan tawa. Uban kuwa, daga ranar har ya bar duniya, in ya ji ƙugin motar tana shigowa Maiyama sai ya juya wa hanya baya, don kada ɗansa ya ga fuskarsa ya ji nauyi.