Hular Malam da Ta Zagaye Gari

Ranar da muka bi hular Malam a kan babur ba za ta taɓa fita raina ba. Ni ban iya rubutu ba, ɗiyata ce ke rubuta mini, kuma ga shi tun ban yi nisa ba hawaye sun zo.

A ƙarshen rayuwarsa mantuwa ta kama mijina. Mutumin da ya karantar da rabin unguwarmu a Tambuwal, sai ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Ɗiyar tamu, mai aikin asibiti, ta kawo wata 'yar na'ura mai kama da agogo, wadda ke nuna inda mutum yake a cikin waya. Malam ya ƙi ɗaurawa, ya ce shi ba akuya ba ne. Sai na ɗinke ta cikin hularsa. Abin da na manta, Malam ba a yaba masa kaya bai tuɓe ya bayar ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi muka neme shi muka rasa. Ɗiyata ta duba waya, ta ce, "Inna, Baba na hanyar Jabo, kuma gudu shikai."

Na ce, "Gudu? Mai sanda?"

Muka hau babura. Kafin mu kai Jabo ɗigon da ke nuna shi a waya ya juyo Tambuwal, ya zagaya kasuwa, ya tsaya a tasha. Can muka iske wani ɗan kabu-kabu zaune kan babur ɗin hayarsa yana cin rogo, hular mijina a kansa.

"Hajiya, wallahi cewa kawai na yi ta yi kyau. Garin Sanyinna na kai shi, ya ce zance zai je."

Ɗiyata ta dube ni. Ni kuwa na san gidan.

A ƙofar gidan mahaifina muka same shi, kai ba hula, ya zauna a kan dakalin da yake jirana muna da ƙuruciya. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, shiga ki ce ana sallama da ɗiyar gidan."

Na shiga zaure, na gyara lulluɓi, na fito. Na ce, "Ga ni."

Ya yi murmushi. "Kin daɗe."

Dariya nake, kuka nake, har muka iso gida. Daga ranar a jikin carbinsa muka ɗaura na'urar, don shi kaɗai ne bai taɓa kyautarwa ba, kuma bai sake ɓace mana ba sai da Allah ya karɓi abinsa.

Na koyi cewa na'ura takan kai ka kusa, sauran tafiyar sai wanda ya san mutum. Carbin na nan a hannuna. Ɗiyata ta ce in bar na'urar a jiki, wai ni ma ba a san inda zan je zance ba.