Kowa Ya Ɗaga Dokin Ƙofarsa

Mutanen layinmu sun ɗauka siminti ne maganin ambaliya. Ba shi ba ne. Ruwa ya shiga gidan mutum bara, sai ya kira birkila ya ɗaga masa dokin ƙofa da bulo biyu, ya zauna yana ganin ya gama da damina. To ruwan da ya hana shiga ai ba sama zai koma ba. Gidan da ya fi kowane ƙasa yake nema, kuma a layinmu na Fagge, namu ne wannan gidan.

Ginin ƙasa ne na kakana. An yi ta cike titi har sai ka sauka taki biyu kafin ka shiga soronmu. Shi ma ruwan saman ya canza hali. Inna ta ce da can yini ake yi ana yayyafi, ƙasa tana shanyewa. Yanzu zafi zai gasa mu har kai ya yi ciwo, sannan ruwan sati guda ya zubo cikin awa ɗaya.

Bangon ɗakin Inna ne ke bakin kwata. Farkon daminar bana na danna gindinsa, yatsana ya shige kamar a tuwo. Kuma a jikinsa gadonta yake. Na ce ta koma ɗakina, ta ce, "Tun ba a haife ki ba nake kwana a nan. Ke dai kin cika azarɓaɓi." Daga ranar, da hadari ya haɗu ina wurin aiki sai hankalina ya koma gida, in kasa ko ɗaure kayan kwastoma.

An kira taro a ƙofar gidan mai unguwa kan sauyin yanayi. Mata ba sa zuwa, sai yayana ya je. Da ya dawo na tare shi tun a soro.

"Me aka yanke, Yaya?"

"Za a dasa bishiyoyi, a sa fitilun sola, a wayar da kan jama'a."

"Kwatar fa?"

"Tana cikin jerin."

"Ta nawa ce?"

"Ke, sakamakon jarrabawa ne da za a ce ta nawa?"

Ba na ƙin bishiya, ni ma zafin yana cina. Amma kafin darbejiya ta yi inuwa shekaru ne, bangon nan kuwa ban ga alamar zai kai ƙarshen Agusta ba.

A Sabon Gari nake aiki, shagon robobi da kayan kicin na wata Madam, Ibo ce amma a nan aka haife ta. Da na ba ta labari sai ta yi dariya. "Ku 'yan Fagge kowa gwamna ne a ƙofar gidansa. Ranar tsaftar muhalli sai ku kwaso dattin kwata ku tara a bakinta, ruwan farko ya mayar. Wannan ai shanya kuke yi, 'yata." Ta ce su a layinsu daga ƙasa suke farawa, daga kalbat ɗin da ruwan ke bi ya tsallake titi, su hauro gida gida, kuma a ranar ake kwashe dattin. Da suka ga ruwan layin bayansu yana dawo musu, suka je suka jawo su ma.

Da na tashi aiki na bi kwatarmu har ƙarshenta. Kalbat ɗin da ke ƙarƙashin titi a toshe yake tam, ledar ruwa, kwalaye, yashi, har ciyawa ta fito a kai. Na tsaya ina kallo. Duk ruwan layin nan yake zuwa ya juya.

Saura kwana tara Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli. Ba zan jira kwamiti ba. Gobe bayan la'asar zan fara shiga gidaje, wurin mata, kowane gida ya ba da mutum ɗaya da shebur, a fara daga kalbat. Jibi kuma zan biya kasuwar Singa in yi magana da masu tura kura su zo su kwashe dattin a ranar tsaftar. In maza sun ƙi fitowa, takalmin robar Yaya zan sa in shiga da kaina, su tsaya su kalla.