Agwagwar Aro

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, annoba kuma ta share kajin ƙauyenmu, ni aka aiko wa ƙwai ta gidan waya. Ƙanena da ke aikin gonar gwamnati a kudu ne ya jera su a gwangwani, ya cike da dusar katako. Na je kan keke na karɓo, na dawo a ƙasa ina tura keken don kada su girgiza. Mai ilimi ba ya garaje. Ni kuwa sai da na kai aji uku kafin ni da makaranta mu rabu cikin mutunci.

Uwar yara ta leƙa gwangwanin ta ce, "Malam, a dafa wa yaran nan kawai. Ƙwan da ya sha mota ya sha jirgi ai baragurbi zai yi."

Na ce, "Na kajin Turawa ne, sun saba da tafiya."

Ba ta yi dariya ba. A lokacin sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu. In suka ruɓe, daga bakin yara na ƙwace su.

Ga shi babu kazar da za ta kwanta a kansu. Abin da ya rage a unguwar agwagwar gwaggona ce, wadda ta shiga kwanci a bayan rumbu. Gwaggo ta ce, "Ara, ɗan nan, amma ka san al'ada: mai kwanci tana da rabonta."

Na zame ƙwanta na sa nawa. Har tsohuwar fartanya na ajiye a gefe don an ce ƙarfe na hana tsawa lalata ƙwai, a shekarar da ko hadari ba a gani. Kullum in na je masallaci sai a ce, "Malam, yaya mai jego?" In ce tana gaishe su.

Wata rana da hantsi na ji tsiyau-tsiyau. Kaɗan sun yi baragurbi, na yarda, na binne su ba tare da sanarwa ba. Sauran kuwa ga su rawaya-rawaya, kamar an tsoma auduga a gangamau.

Abu ɗaya ne ba a koya mana a aji uku ba: agwagwa ba ta san kaji ta ƙyanƙyashe ba. Ƙafarsu na yin ƙwari ta jera su a baya, ta nufi ɗan ruwan da ya rage a kududdufi. Ina tsaye ina nazarin lamarin, sai uwar yara ta wuce ni a guje da ƙwarya a hannu, ta tare su a bakin taɓo, tana tsincewa ɗaya-ɗaya.

"Malam, kana kallo za ta kashe mini kaji?"

Daga ranar suka zama nata. Gwaggo ta karɓi rabonta, masu tambayar mai jego suka fara aiko matansu neman iri. Uwar yara ke ba su, amma ni suke yi wa godiya, kuma ban taɓa hana su ba.