Layi Ukun Cittar Bulus

Da safen nan ina jiran bas cikin sanyin Ingila saƙo ya shigo: Bulus ya rasu. Bas ta zo ta wuce, ban shiga ba.

Tare muka karanta bayoloji. Kullum ni nake fin shi maki, kuma shi ke fara zuwa taya ni murna. Wannan ma haushi yake ba ni.

Na fito neman aikin lab, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, na ƙare ina yi wa tsofaffi wanka. Shi ya tsaya Kafanchan da alli da tsohon mashin. Da mamata ta kwanta asibiti, shi ya riƙa kai mata kunu.

Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba: kishinsa nake yi.

Shekarar da cuta ta cinye citta a ƙasarmu, kowa na kuka, Bulus na bin gonaki da buhu yana tone 'yan tsirarun da suka rage kore cikin ruɓaɓɓu. Aka ce ticha ya zare. Ya shuka su bayan gidansa, layi uku.

Zuwana na ƙarshe, tun ban ajiye jaka ba ya ja ni wurin. Ya ce, "Dauda, ba wayo cittar nan ta koya ba. Dama can ba duka ɗaya suke ba. Cuta ta kwashe marasa juriya, waɗanda suka tsira su za su bar iri."

Na ce wataƙila cutar ce kawai ba ta kai gare su ba. Ya yi dariya, ya ce shi ya sa yake so in gwada masa su a lab, tunda ni ne mai kai.

Sau uku ya turo hotuna. Ban amsa ba. Ban taɓa gaya masa ba ni da lab ba, kuma ban so a ce shi ya gano wani abu.

Mama Rifkatu, matar Bulus, sai haƙuri. Roƙona ɗaya: in an zo haƙar citta, kada a haɗa layi ukun nan da na kasuwa. A bar su a ƙasa, a rufe da ciyawa har damina, ɗalibansa su sake shukawa. In cutar ta dawo, za a ga ko ya yi gaskiya.

Ina jin ya yi.

Ubangiji Yesu ya ba shi hutawa, ya riƙe iyalinsa. Ku yi musu addu'a. In da saura, ku sa ni, Allah ya cire mini wannan abu daga zuciya.