Kaburetar Baba a Cikin Kwalla

Mun tashi da asuba daga Kankia, ni da yayana, shi da jakar sifanunsa, ni da galan ɗin fetur da sabon fulogi a aljihu. Kaikai muka nufa, can ƙasar Kusada, don ɗauko babur ɗin mahaifinmu. Shekara biyu ke nan yana ajiye a gidan amininsa, tun ranar da ciwo ya kama Baba a garin, aka dawo da shi gida a mota, bai kuma tashi ba. Da aka zauna maganar gado, 'yan'uwa suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Amma yayana, wanda bakanike ne, ya lura da yadda fuskar Inna ta canza. Shi ya nemi alfarma: in babur ya tashi ya iso Kankia da kansa, a bar shi a gida, in kuwa ya ƙi, mu baro shi Kusada a kan sikeli. Ni ɗan rakiya ne kawai, abin da na iya a harkar inji bai wuce tambaya ba.

Motar da muka samu ta matse mu sosai, biyu a gaba, huɗu a baya, ga wata baiwar Allah da kajinta a ƙarƙashin ƙafafuna. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi, direba kuma ya ɗora wa tsadar fetur laifin tun kafin a tambaye shi. Kaka ta yi kyau bana. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, gyaɗa a shanye ko'ina a gefen titi. A Kusada muka karya da koko da ƙosai mai zafi, sannan ɗan acaɓa ya kwashe mu ta wata hanya mai yashi har Kaikai.

Aminin Baba dattijo ne dogo mai fara'a, Baffa muke ce masa. Ya sake yi mana ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ya ce ba maganar babur sai mun sha fura. Bayan nan ya kai mu ɗakin harawa, ya yaye wata tsohuwar tabarma. Yayana ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tanki, sai na ga ya yi turus. Inda kabureta take zama babu komai sai fili.

“Kada ranka ya ɓaci, tana nan,” in ji Baffa yana dariya. “Mi zai sa in bar ta waje ɓarayi su tahi da ita?”

Ya ƙwala wa matarsa kira, sai ga ta da kwalla daga cikin jerenta. A ciki kaburetar take, naɗe da tsumma, an shafe ta da man gyaɗa don kada ta yi tsatsa. Ban taɓa ganin ƙarfen da ya samu gata irin wannan ba. Robobinta biyu kuwa, wadda ke haɗa ta da inji da wadda ke kawo mata iska, a ƙusa Baffa ya rataye su, sun bushe ƙamas kamar ƙirgi.

Man gyaɗan ya daskare ya zama danƙo, don haka yayana ya warware ta kaf a kan faranti, ya wanke da fetur, yana hura ƙananan ramukan da baki yana ɗaga su sama ya ga haske. Ni kuma na gano wani abu da na yi alfahari da shi: zanzaro ya gina gida a bakin injin, daidai inda roba za ta zauna. Sai da muka karkata babur ɗin aka ƙwaƙule ƙasar a hankali, don in ta faɗa ciki aiki ya ɓaci.

Mayar da robar ne ya zama jidali. Ta ƙi shiga, ta ƙi lanƙwasuwa. Na ba da shawarar a ɓanɓara ta da sukudireba, yayana ya yi mini kallon da ya sa na tsuke bakina, ya ce in ta yage ba mu da inda za mu samo irinta, an daɗe da daina kawo kayan wannan samfurin. Ruwan zafi ya nema. Aka tsoma robobin a kwano har suka yi laushi, ya ɗan goga musu sabulu, ya fara sa ta wajen inji. Ashe akwai wani ɗan tsagi a jikinta da dole ya dace da ɗan tudun da ke bakin kabureta, in ba haka ba za ta zauna a karkace. Ya tura yana murzawa har muka ji ta faɗa, sannan ya sa ta bayan. Na tambaye shi me ya sa bai ɗaure maɗauran ba tun farko, ya ce sai kowa ya samu wurin zamansa ake ɗaurewa, wanda ya yi gaggawa zai kwance sau biyu.

Aka sa fulogi, aka zuba mai, ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙe masa riga. Can babur ya tashi, amma da wani irin ihu, kamar an murɗe totur har ƙarshe, awakin gidan suka watse. Jim kaɗan ya mutu. Yayana ya ce iska yake sha ta inda bai kamata ba. Ya sake tayar da shi, ya shafa kumfar sabulu a kewayen robar, muna kallo kumfar ta zuƙe ta ƙasa. Tsaga ce siririya a cikin lanƙwasa, ido ba ya ganinta sai an matsa.

Ya zauna a ƙasa yana kallon tsagar. Gaskiya a nan na fara tunanin yadda za mu shiga gida hannu rabbana. Baffa ya tashi ya nufi rijiya. Sai ga shi da gugansa na robar taya da wuƙa, ya yanko zare mai tsawo daga bakin gugan. Yayana ya ce ai ya ɓata gugan.

“Guga shina kasuwa, ɗana. Wanga kuwa in ya tahi ya tahi ke nan.”

Aka naɗe tsagar tamau, zagaye bisa zagaye, aka ɗaure. Wannan karon da babur ya tashi sai ya kwantar da murya, yana bugawa a natse. Baffa ya juya baya, wai hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Bayan azahar muka kamo hanya, a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Sau biyu muna tsayawa yayana ya taɓa ɗaurin. Mun shigo Kankia rana ta yi sanyi, muna isa kwanar masallacin unguwarmu sai na ji injin ya ɗauke. Na ce ko ya mutu ne. Yayana ya ce shi ya kashe, in sauka mu tura, don Baba bai taɓa shiga layinmu da inji a kunne ba. Na girma a gidan amma ban taɓa lura ba.

Inna tana tsakar gida tana tsintar wake lokacin da ƙarar sarƙa ta shigo zaure. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ba ta ɗago ba.

“Ku jingine shi ta hagu, nan ne wurinsa.”

Na tafi ban san kan kabureta ba, na dawo na san roba ba ta son ƙarfi sai lallashi, na kuma san gidanmu fiye da yadda na bar shi da asuba. Maganar 'yan gwangwan kuwa, har yau ba wanda ya sake tayar da ita.